Ta yaya Farfaɗowar Italiya ta isa Arewacin Turai?

Wani ɗalibin tarihi ya yi tambaya kamar haka: an koya mana cewa zamanin Farfaɗowa, wato lokacin da Turawa suka farfaɗo da ilimi da zanen tsoffin Girkawa da Rumawa, a Italiya ya faro, to ta wace hanya karatunsa da zane-zanensa suka kai Jamus da Holan da Ingila da Faransa? Kuma mutanen can kwaikwayo kawai suka yi, ko sun zo da nasu?

Ɗan'uwa, amsar a dunƙule ita ce, abin da ya tsallaka tsaunukan Alps, waɗanda suka raba Italiya da Arewacin Turai, hanyar karatu ce, kuma da ta sauka a hannun mutanen Arewa sai suka yi aiki da ita a inda Italiyawa ba su cika matsawa ba, wato a kan Littafi Mai Tsarki da kuma makarantun yara. A fagen zane kuwa, kai da komo aka yi, kowane ɓangare ya karɓa ya kuma bayar.

Sai mun fara sanin me ake nufi da harkar da ake kira humanizim a wancan zamani, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta a matsayin aƙidar watsi da addini, kamar yadda wasu ke amfani da sunan a yau. A ƙarni na 15 manhajar karatu ce mai fannoni biyar: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da falsafar halayya, duk daga littattafan magabata na Latin da Girkanci. Jami'o'in lokacin manɗiƙi suka fi ba wa ƙarfi. Ɗalibi zai shekara da shekaru yana karanta sharhi a kan Aristotle, da hashiya a kan sharhin, cikin wani Latin na makaranta mai nauyi, ba tare da ya taɓa ganin matanin a harshensa na asali ba. 'Yan adabi, bari in kira su haka, suka ce a koma tushe. A nemo kwafi mafi tsufa, a gwada shi da wasu, a gyara kurakuran masu kwafa, a karanta marubuci a harshensa da zamaninsa. Kusan dukkansu Kiristoci ne masu riƙo, da yawansu ma limaman coci ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, littattafan da Italiyawa suka farfaɗo da su, da yawansu a Arewa suke ajiye. Petrarch, wanda ake ɗauka uban wannan harka, a birnin Liège na ƙasar Beljiyam ta yau ya samo wani jawabin Cicero, shahararren mai balaga na zamanin Rumawa, a shekarar 1333. Lokacin babban taron cocin Katolika a Konstanz, daga 1414 zuwa 1418, magatakardan Fafaroma sun sami sarari suna zagaya gidajen ruhubanawa na yankin. A 1416 ɗaya daga cikinsu, Poggio Bracciolini, ya shiga gidan ruhubanawa na St. Gallen ya tarar da cikakken littafin Quintilian na balaga, wanda Italiyawa guntayensa kawai suka sani. Ya rubuta wa abokinsa cewa a gindin wata hasumiya mai duhu ya same shi, ƙura da datti sun rufe shi. Shekara guda bayan haka ya samo waƙar Lucretius a wani gidan ruhubanawa na Jamus. Ruhubanawan Arewa ne suka kwafe waɗannan littattafai ɗaruruwan shekaru kafin nan, tun zamanin Sarki Charlemagne da magadansa, suka adana su, sannan aka manta da su. Italiyawa suka zo da idon da ya san darajarsu.

Daga nan hanyoyi suka yi yawa. Akwai sarakuna masu neman magatakarda da zai rubuta musu wasiƙa cikin Latin mai kyau, don kada a raina su a fadar Fafaroma. Enea Silvio Piccolomini, wanda ya zama Fafaroma Pius na Biyu a 1458, ya yi shekaru yana wannan aiki a fadar Sarki Frederick na Uku, kuma magatakardan Jamus sun riƙa kwafar wasiƙunsa suna koyi da su. Akwai kuma ɗalibai da ke sauka Bologna da Padua da Pavia don karatun shari'a ko likitanci, su dawo da abin da ba shi ya kai su ba. Fitacce a cikinsu Rudolf Agricola ne, mutumin kusa da Groningen a arewacin Holan. Shari'a ya je karantawa a Pavia, ya bar ta ya koma Ferrara ya koyi Girkanci, ya yi kusan shekara 10 a Italiya, ya rasu a Heidelberg a 1485. Bai bar rubutu da yawa ba, amma ya koya wa Alexander Hegius Girkanci, Hegius kuma ya zama shugaban makarantar Deventer a 1483, kuma a cikin yaran makarantar a lokacin akwai wani ɗan Rotterdam mai suna Erasmus.

Deventer ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Garin Geert Groote ne, wanda ya rasu a 1384, wanda daga wa'azinsa aka samu wata ƙungiya ta masu ibada da ke zama tare, suna kwafar littattafai da hannu don samun abinci, suna kula da masaukin ɗalibai. Koyarwarsu ita ce mutum ya gyara zuciyarsa, ya karanta nassi da kansa, ya rage dogon jayayya. Saboda haka lokacin da kiran komawa tushe ya iso daga kudu, ya tarar da mutanen da tuni suke jin ƙishin addini mai sauƙi, mai tushe. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa adabin Arewa ya ɗauki launin addini fiye da na Florence.

Sai maɗaba'a. Takarda ta shigo Turai ta hannun Musulmin Andalus, ta bi ta Italiya, aka kafa masana'antarta ta farko a Jamus a Nuremberg a 1390. Wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a Mainz da haruffan ƙarfe masu cirewa. Jamusawa biyu ne suka kai injin Italiya, a Subiaco, wajen 1465. A 1470 aka gayyato Jamusawa uku suka kafa maɗaba'ar farko a Paris, a cikin kwalejin Sorbonne, kuma littafin da suka fara bugawa tarin wasiƙun koyi ne na wani malamin Italiya, Gasparino Barzizza. Ka duba wannan haɗi: injin Bajamushe, littafin Ba'italiye, masu karatu Faransawa. Kafin 1500 garuruwa fiye da 200 na Turai suna da maɗaba'a, kuma sau biyu a shekara masu sayar da littattafai suna haɗuwa a kasuwar Frankfurt da gangunan katako cike da shafuffuka da ba a ɗinke ba. Amfanin ɗab'i ga masu gyaran matani ya wuce saurin yaɗuwa. A da idan malami ya gyara kuskure a kwafinsa, gyaran a ɗakinsa yake zama. Yanzu malami a Basel da wani a Oxford suna riƙe da shafi iri ɗaya, layi iri ɗaya, za su iya yin gardama a kansa ta wasiƙa.

Mutumin da ya fi kowa gane ƙarfin wannan abu shi ne Erasmus, kuma dole in daɗe a kansa, don a rayuwarsa kusan duk hanyoyin suka haɗu. Maraya ne, an haife shi ba ta hanyar aure ba, masu riƙonsa suka tura shi gidan ruhubanawa na Steyn, aka naɗa shi limami a 1492. Bai ji daɗin zaman ba. Ya samu ya fita zuwa Paris a 1495, yana koyar da 'ya'yan masu hali don ya ci abinci. Ɗaya daga cikin ɗalibansa ya kai shi Ingila a 1499, inda ya haɗu da John Colet, wanda ke karantar da wasiƙun Bulus a Oxford, da kuma wani saurayi masanin shari'a mai suna Thomas More. Ya dawo ya duƙufa kan Girkanci yana da shekara sama da 30. A wata wasiƙa ta 1500 ya ce da zarar kuɗi sun shigo hannunsa littattafan Girkanci zai fara saye, tufafi su biyo baya.

A wannan shekara ya buga wani ɗan littafi na karin maganar Latin da Girkanci, guda 818, kowanne da bayanin asalinsa da inda ake amfani da shi. Bahaushe ba ya buƙatar a gaya masa abin da karin magana ke yi wa zance, kuma Erasmus ya gane cewa mai son ya rubuta Latin mai armashi wannan guzuri yake nema. A 1508 ya zauna watanni a gidan Aldus Manutius, babban mai ɗab'in Girkanci a Venice. Yana rubutu a cikin hayaniyar maɗaba'a, masu jera haruffa suna karɓar shafi daga hannunsa tun tawada ba ta bushe ba, malaman Girkawa da ke gidan suna ara masa kwafin littattafan da ba a taɓa bugawa ba. Sabon bugun ya fito da karin magana sama da 3,000, kuma kafin ya rasu sun kai 4,151. Ta wannan littafi dubban malaman makaranta a Arewa suka ɗanɗani marubutan Girka da ba za su taɓa samun littattafansu ba.

Amma babban aikinsa daga wani abu da ya tsinta ya faro. A 1504, a gidan ruhubanawa na Park kusa da Leuven, ya ci karo da rubutun hannu na Lorenzo Valla. Wannan Valla shi ne Ba'italiyen da a 1440 ya tabbatar, ta hanyar nazarin Latin ɗin takardar da kalmomin da ba na zamaninta ba, cewa wasiƙar da ake cewa Sarki Constantine ya ba Fafaroma mulkin yammacin Turai da ita jabu ce. A rubutun da Erasmus ya samu, Valla ya ɗauki fassarar Sabon Alkawari ta Latin, wadda coci ta yi shekara kusan 1,000 tana aiki da ita, ya gwada ta da asalin Girkanci yana nuna inda suka saɓa. Italiyawa ba su buga shi ba. Erasmus ya buga shi a Paris a 1505, sannan ya ƙudura yin aikin gaba ɗaya.

A 1516 maɗaba'ar Johann Froben a Basel ta fitar da Sabon Alkawari, Girkanci a shafi ɗaya gefen hagu, Latin a dama, da ɗaruruwan shafuffukan bayanai a ƙarshe. Shi ne bugu na farko na Girkanci da ya shiga kasuwa, ko da yake malaman Alcalá a Sifen sun riga sun buga nasu a 1514 amma bai fito ba sai bayan shekaru. Aikin na gaggawa ne, shi kansa ya faɗi haka. Kwafin hannu da ya yi aiki da su ba su kai 10 ba, mafi yawansu kuma ba su girmi ƙarni na 12 ba. Na Wahayin Yahaya guda ɗaya ne tal, aro daga Johannes Reuchlin, kuma shafinsa na ƙarshe ya ɓace, sai Erasmus ya mayar da ayoyi shida na ƙarshe daga Latin zuwa Girkanci da kansa. Wannan rauni ne na gaske. Duk da haka dubi abin da ya yi da wata jimla a sura ta 5 ta wasiƙar Yahaya ta fari, wadda malaman coci ke kafa hujja da ita kan aƙidar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku. Bai same ta a kwafin Girkanci ko ɗaya da ke hannunsa ba, sai ya bar ta a waje, alhali shi mai imani da aƙidar ne. Aka yi masa ca. Sai a bugu na uku, a 1522, ya sa ta bayan an nuna wani kwafi a Ingila mai ɗauke da ita, kuma ya rubuta a bayanansa cewa yana zargin kwafin. Abin da nake girmamawa a nan shi ne, ya ɗauki tambayar abin da kwafi ya ƙunsa daban da tambayar abin da yake so ya ƙunsa, kuma ya bar shaidar a fili don kowa ya duba.

A gabatarwar littafin ya yi fatan manomi ya riƙa rera ayoyi a bayan garmarsa, masaƙi a kan masaƙarsa, mata su karanta, a fassara shi zuwa kowane harshe. Shi kansa da Latin kaɗai ya yi rubutu har ya mutu. Wasu ne suka cika fatan: Martin Luther, jagoran Furotesta da suka ɓalle daga cocin Katolika, ya yi fassararsa ta Jamusanci ta 1522 daga bugu na biyu na Erasmus, William Tyndale kuma ya fitar da ta Ingilishi a Worms a 1526.

Makarantu kuwa suka biyo baya a jere. Colet ya kafa makarantar St. Paul a Landan a 1509 da dukiyar gadonsa, don yara 153, ya damƙa kula da ita ga ƙungiyar 'yan kasuwar yadi maimakon limamai. Erasmus ya rubuta mata littafin koyon yalwar magana a 1512, inda ya ɗauki jimla guda, cewa wasiƙarka ta faranta mini rai, ya juya ta ta hanyoyi fiye da 100 don yaro ya ga iyakar abin da harshe zai iya. A 1517 aka kafa kwalejin harsuna uku a Leuven, Latin da Girkanci da Ibrananci. A 1518 jami'ar Wittenberg ta ɗauki Philipp Melanchthon malamin Girkanci yana da shekara 21. A 1530 Sarki Francis na Ɗaya, bisa nacin Guillaume Budé, ya naɗa malaman sarki na harsuna a Paris, waɗanda ba sa ƙarƙashin Sorbonne.

Ibrananci ne ya fara jawo rigima. Reuchlin, masanin shari'a ne Bajamushe, ya koyi harshen wajen malaman Yahudawa, ya buga nahawunsa a 1506. Da aka taso da shirin ƙwace littattafan Yahudawa a ƙone, aka nemi ra'ayinsa a 1510, ya ce bai halatta ba, a kafa kujerun koyar da harshen ma ya fi. Malaman tauhidi na Cologne suka maka shi a shari'ar coci wadda ta ja shekaru, 'yan adabin Jamus kuma suka taru a bayansa. A nan ne karo na farko suka ga kansu a matsayin jama'a guda. Larabci ya zo daga baya, kuma ba da zuciya ɗaya ba. Nicolas Clenardus na Leuven ya koya wa kansa haruffan Larabci daga wani bugun Zabura mai harsuna da yawa, ya bi harshen har Fas a Maroko a 1540, amma niyyarsa wa'azin Kiristanci ga Musulmi ce. Fassarar Alƙur'ani ta Latin da aka buga a Basel a 1543 tsohuwa ce ta ƙarni na 12, kuma don raddi aka buga ta. Sai a 1613 jami'ar Leiden ta naɗa Thomas Erpenius a kujerar Larabci, ya fitar da nahawun da Turawa suka yi kusan ƙarni biyu suna koyo da shi.

Yanzu zane. A nan ne zancen kwaikwayo ya fi rauni, domin kafin wani mai zanen Arewa ya damu da Italiya, Italiyawa ne ke sayen aikin Arewa. Jan van Eyck na Bruges ya kai zanen fentin mai wani matsayi da ba a taɓa gani ba. Masu zanen Italiya da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa launi, mai saurin bushewa. Shi kuwa yana shimfiɗa siraran launuka na mai, ɗaya bisa ɗaya, haske ya ratsa su ya dawo. Ka nemi hoton da ya yi a 1434 na wani ɗan kasuwar Lucca mazaunin Bruges, daga gidan Arnolfini, da matarsa. Takalman katako a ƙasa, lemo a bakin taga, ɗan kare mai gashi da za ka iya ƙirga silinsa, kyandir guda a kunne. A bangon baya akwai madubi mai tudu, a cikinsa ana ganin bayan mutanen biyu da wasu mutum biyu a bakin ƙofa, kewaye da madubin kuma ƙananan hotuna 10 na wahalar Almasihu, kowanne bai fi farce girma ba. A 1456 wani marubucin Italiya, Bartolomeo Fazio, ya ce van Eyck ne kan gaba a masu zanen zamanin. A 1483 wani babban allon coci da Hugo van der Goes ya zana, bisa odar wakilin bankin Medici a Bruges, ya isa Florence, kuma ana ganin tasirin makiyayansa masu fuskar talakawa a aikin Ghirlandaio bayan shekara biyu.

To me Arewa ta rasa? Lissafin nisa da zurfi a kan shimfiɗaɗɗen allo, ma'aunin jikin mutum bisa gumakan Girka da Rum, da kuma ra'ayin cewa mai zane malami ne, ba mai sana'ar hannu kawai ba. Albrecht Dürer ne ya je ya ɗauko su da gangan. Ɗan maƙerin zinariya ne a Nuremberg, an haife shi a 1471, ubangidansa na baftisma kuma Anton Koberger ne, mai maɗaba'a mafi girma a Jamus, babban abokinsa Willibald Pirckheimer kuwa a Padua da Pavia ya yi karatu kuma yana da ɗakin littattafan Girkanci. Wani mai zane Ba'italiye, Jacopo de' Barbari, ya taɓa nuna masa siffar namiji da mace da aka zana bisa ma'auni, amma ya ƙi gaya masa ƙa'idar. Dürer ya koma ga littafin Vitruvius, magini na zamanin Rumawa, ya riƙa aunawa da kansa. Sakamakon yana cikin Adamu da Hauwa'u na 1504, wanda ya ƙarta a farantin jan ƙarfe. Adamu yana tsaye irin tsayuwar gunkin Apollo da ke Rum, gaɓoɓinsa a aune. Amma bayansa kurmin Jamus ne mai duhu, ɓawon kowane itace a fayyace, da kyanwa da ɓera a ƙafafunsu, da zomo da sa, kowanne da gashinsa. Jikin daga kudu ya zo, idon da ya zana dajin kuwa na gidan van Eyck ne. A wani ɗan allo da ke rataye a reshe ya sa sunansa da garinsa da Latin.

Ya zauna Venice daga 1505 zuwa 1507, ya yi wa 'yan kasuwar Jamus na birnin allon coci, tsoho Giovanni Bellini ya yabe shi a gaban manya. A wasiƙa ya gaya wa Pirckheimer cewa a nan shi mutum ne mai daraja, a gida kuwa ɗan ci-ma-zaune ake ɗaukarsa. Wannan ya ci masa rai, ya kuma sa ya ƙare rayuwarsa yana rubuta littattafai da Jamusanci don yaran masu sana'a da ba su san Latin ba: na ma'auni a 1525, na daidaiton jikin mutum a 1528, shekarar rasuwarsa. Kuma saboda aikinsa a takarda ake bugawa, matarsa Agnes tana sayarwa a kasuwannin baje koli, aikin ya koma Italiya da ƙafarsa. Marcantonio Raimondi ya kwafe zanensa har da tambarin sunansa, Pontormo a Florence ya ari siffofinsa har Vasari, marubucin tarihin masu zanen Italiya, ya zarge shi da bin salon Jamusawa.

Ba kowa ne ya narkar da abin kamar Dürer ba. Jan Gossaert ya je Rum a 1508 ya dawo yana zana allolin Girka cikin gine-ginen da suka yi musu kaɗan, kuma ni dai ina jin nauyin aron a aikinsa. A Faransa sarki sayo Italiyawa ya yi kai tsaye, Leonardo a 1516, Rosso da Primaticcio a fadar Fontainebleau bayan 1530, haka ma sarkin Poland a Krakow. Pieter Bruegel ya tsallaka zuwa Italiya bayan 1550, abin da ya fi dawowa da shi kuma tsaunukan da ya ratsa ne. A 1559 ya cika allo guda da ƙauyawa suna aikata karin maganar Holan sama da 100.

Hans Holbein ƙarami ya nuna yadda zane da karatu suka zama hanya ɗaya. Ya zo Basel daga Augsburg yana saurayi, yana yi wa Froben zanen bangon littafi, ya zana Erasmus a 1523 yana rubutu, kai a sunkuye, leɓe a tsuke. Da rikicin addini ya kashe kasuwar zanen coci, Erasmus ya ba shi wasiƙa a 1526 yana cewa a nan sana'ar zane ta daskare, yana tafiya Ingila neman abin kansa. Thomas More ya sauke shi a gidansa, daga nan har ya zama mai zanen Sarki Henry na Takwas. Fuskokin fadar Ingila na wancan zamani da muka sani, ta dalilin wasiƙar wani malami aka same su.

Wannan zumunci bai daɗe ba. Mutane suna cewa Erasmus ya saka ƙwai, Luther ya ƙyanƙyashe, shi kuma ya amsa cewa ƙwan kaza ya saka, abin da Luther ya ƙyanƙyashe wani tsuntsu ne daban. A 1524 da 1525 suka yi musayar littattafai kan ko mutum yana da zaɓi a al'amarin cetonsa, suka rabu har abada. A 1529 jama'a suka farfasa hotunan cocin Basel, Erasmus ya bar garin. A 1535 aka sare kan More saboda ya ƙi yarda sarki ya zama shugaban coci. Erasmus ya rasu a 1536, kuma a 1559 Fafaroma Paul na Huɗu ya sa dukkan littattafansa cikin jerin haramtattu. Ya kamata kuma ka san cewa harkar ta 'yan tsiraru ce, maza, 'yan birni, masu Latin. Matan da suka shiga, irin Margaret 'yar More da Caritas 'yar'uwar Pirckheimer, ta gidajen iyayensu suka samu. Amma manhajar ta tsira a ɓangarorin biyu. Makarantun da Melanchthon ya tsara a ƙasashen Furotesta da kwalejojin Jesuit na Katolika duk Cicero da Virgil da nahawun Girkanci suke koyarwa, yaran da iyayensu ke yaƙar juna suna haddar darasi iri ɗaya.

Hanyar kuma ta fita daga littattafan adabi ta shiga wasu fannoni. Copernicus, wanda ya yi karatu a Krakow da Bologna da Padua kuma ya taɓa fassara littafi daga Girkanci, ya faɗa a gabatarwar littafinsa da aka buga a Nuremberg a 1543 cewa ya koma ya karanta magabata don ya ga ko wani ya taɓa cewa ƙasa na motsi, ya kuma samu a wajen Cicero da Plutarch. A wannan shekara, a Basel, Johannes Oporinus, mutumin da ya buga waccan fassarar Alƙur'ani, ya fitar da littafin sassan jikin mutum na Andreas Vesalius, ɗan Brussels da ya yi karatu a Leuven da Paris kuma yake koyarwa a Padua. Vesalius ya yi aiki a gyaran bugun littattafan Galen, babban likitan Girkawa, don haka ya san matanin layi bayan layi. Da ya riƙa feɗe gawa da hannunsa yana gwada abin da ya gani da abin da ya karanta, sai ya gane cewa Galen birai da wasu dabbobi ya feɗe. Galen ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, Vesalius ya nuna cewa a jikin mutum ɗaya ne. A Venice aka sassaƙa katakan hotunan littafin, aka ɗaure su da kyau aka haura da su tsaunukan Alps zuwa maɗaba'ar Basel, tare da wasiƙar Vesalius mai bayanin yadda za a jera kowane hoto da rubutunsa.